Yadda Ake Kallon Taurari a Dajin Yankari

Wanda ya je gandun dajin Yankari da ke jihar Bauchi domin ganin giwaye, bai kamata ya shige ɗaki da zarar an yi sallar isha'i ba, domin sararin samaniyar da hasken lantarki ya ɓoye wa mazauna birni a buɗe yake a can.

Babban abin lura shi ne zaɓen lokaci. A duba kalandar Musulunci, a shirya tafiyar tsakanin 25 ga wata da 3 ga wata mai kamawa, saboda farin wata yana dushe ƙananan taurari. A ganina ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ya fi dacewa, lokacin da damina ta wanke ƙurar sama, hazon hunturu kuma bai riga ya sauko ba. Idan hazo ya yi kauri a Janairu, ko manyan taurarin da ƙyar ake hango su.

A sansanin Wikki, masaukin baƙi na gandun, a nemi fili nesa da fitilu, amma kada a fita daji da dare sai da izini da rakiyar ma'aikatan gandun, domin namun daji ba su san baƙo ba. A sa takalmi rufaffe saboda kunama da maciji, a shafa maganin sauro, a shimfiɗa tabarma a kwanta rigingine. Ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma duba waya sau ɗaya kan mayar da aikin baya, don haka a ajiye waya, a kuma rufe bakin tocila da jan ƙyalle, domin jan haske bai cika ɓata wannan sabo ba.

A daren Nuwamba, a fara da gabas, inda tarin taurarin da ake kira Kaza da 'Ya'yanta ke fitowa a dunƙule. Ido yakan ƙirga shida ko bakwai, amma da madubin hangen nesa sai a ga gommai sun cika wurin. Can arewa, tauraron da ba ya gusawa yana ƙasa ƙasa, kimanin digiri 10 daga doron ƙasa, shi ya sa bishiya ɗaya ke iya kare shi. Zara da ake gani da magariba da Gamzaki na asuba kuwa duniya ɗaya ce mai kewaya rana kamar tamu, kuma ana bambanta ta da taurari ne domin haskenta ba ya ƙyaftawa.

Wanda tafiyarsa ta faɗa daren 13 zuwa 14 ga Disamba, ya jira bayan tsakar dare, lokacin da taurari masu gudu suka fi yawa, ya kuma tanadi bargo saboda sanyin asuba.