Abin da Lanƙwasar Jikin Motar Zamani Ke Nufi, da Yadda Ake Gyara Ta

Layin da ke ratsa ƙofar mota, da tudun bonet, da kumburin fenda, duk aiki suke yi. Akwai kwalliya a ciki, ba a musu, amma mai zane bai isa ya ja layi ba sai injiniya ya yarda. Wanda ya koyi bugun bodi a kan Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, ya saba da ƙarfe mai kauri da haƙuri: a gasa, a buga, a shafe da fila, wato ƙullin da ake cike lotsawa da shi kafin fenti. Motar yau ba ta ɗaukar wannan.

Fallen ƙarfen da ke waje a motocin yanzu kaurinsa milimita 0.6 ne zuwa 0.8, an sirantar da shi don a rage nauyi da shan mai. In a shimfiɗe yake, babban yatsa ma ya isa ya lotsa shi. Kwarmin da ake yi wa kwanon rufi shi ke hana shi lanƙwashewa, to haka layi da tudu suke riƙe ƙofa da rufin mota. Shi ya sa da wuya ka sami fili miƙaƙƙe ɗoɗar a jikinta. Ko rufin da kake gani kamar shimfiɗaɗɗe, in ka ɗora doguwar rula za ka ga haske ta gefe biyu.

Wannan shi ke tsara yadda za a bi lotsawa. Ka wanke wurin, ka kafa doguwar fitila a karkace, ka kalli inuwarta a jikin fenti. Inda inuwar ta karye nan ɓarnar ta tsaya, kuma yawanci ta fi abin da ido ya fara gani faɗi. Ka manna mayen ƙarfe. In bai kama ba, alminiyam ne ko roba, ko kuma wani ya riga ka jibga fila a wurin. Daga nan sai ka nemi layin. In bugun ya taɓa shi, shi za ka fara dawowa da shi, don shi ke riƙe da sauran. Ka tura ta ciki, ko ka ja ta waje da maɓallan da ake mannawa a jikin fenti da gam, kaɗan-kaɗan, kana sassauta tudun da ya taso a kewayen ramin da ƙaramar guduma. Daga baki ake farawa a gangaro tsakiya. Wanda ya dunƙule ƙarfinsa ya doki tsakiyar rami ya miƙar da ƙarfen ke nan. Alamarsa, in ka danna da tafin hannu sai ya faɗa ciki ya yi ɓas, ka saki ya dawo.

Ƙarfen da ya miƙe tsuke shi ake yi da zafi, amma ɗigo-ɗigo, a wuri ƙarami kamar farce, a sanyaya nan take da jiƙaƙƙen tsumma. Wutar kabait da ake yawo da ita a kan ƙofa gaba ɗaya ɓarna ce. Da yawa daga fallayen waje ana yin su ne da ƙarfen da ke ƙara tauri a tandar fenti ta kamfani, a zafin da ya kai kusan digiri 170. Harshen wuta yana lalata wannan taurin, ya ƙone rufin zinki da ke tare tsatsa, damina ɗaya sai fenti ya fara kumbura. Alminiyam ya fi haɗari, don yana narkewa a digiri 660 ba tare da ya yi ja ya gargaɗe ka ba. Kuma gudumarsa da samfefarsa daban ake ajiye su, domin ƙurar ƙarfe in ta shige shi cinye shi take yi ta ƙarƙashin fenti.

Fila ba ta gina siffa, gyara fuska kawai take yi. Kada kaurinta ya wuce milimita 3, jan man da ke daskarar da ita kuma kashi 2 cikin 100. In ya yi yawa yana fitowa tabo-tabo a fenti, in ya yi kaɗan ba za ta bushe ciki ba. Don layi ya fito da kaifinsa, ka manna tef a gefe ɗaya daidai bakinsa, ka goge ɗaya gefen da samfefa mai lamba 80 a kan dogon katako, ka bi da 180, sannan ka mayar da tef ɗin ɗaya gefen ka maimaita.

Can ciki maganar ta wuce ta kyau, ta rai ce. Béla Barényi na kamfanin Mercedes ya yi rajistar wata dabara a 1952: gaba da bayan mota su murƙushe su shanye bugu, ɗakin fasinja ya tsaya ƙyam. Ta fito a motarsu ta 1959, yau kuwa kowace mota haka take. Cire bamba ka gani. Robar waje sutura ce kawai, bayanta akwai soso mai tauri, da sandar ƙarfe a gicciye, da gajerun akwatuna biyu da aka ɗaure da noti a bakin shasi. Ƙananan kwarmin da ke jikinsu ba lahani ba ne, nan aka zaɓa musu su fara naɗewa. Akwatin da ya naɗe ya gama aikinsa, canza shi ake yi. Miƙar da shi da wuta, ko yi masa ƙari da wani ƙarfe a walde "don ya yi ƙwari", tura bugun gaba ne zuwa ƙirjin direba.

Ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya akasin haka yake. A motoci da dama ƙarfe ne mai sinadarin boron, wanda ake gasawa zuwa kusan digiri 900 a matse shi a sanyaya cikin injin bugu, ƙarfinsa ya ninka na ƙarfen da aka saba wajen sau biyar. Abin huji na yau da kullum zamewa yake yi a kansa. Ba a miƙar da shi, ba a gasa shi, ba a yanka shi inda aka ga dama. In ya lanƙwashe, a cire a saka wani daga mahaɗar da kamfani ya yi. Mai sayen motar tokumbo ya ɗaga robar bakin ƙofa ya duba: ɗigon waldar kamfani zagaye ne, jere a tsare, tazara ɗaya. Inda ka ga dunƙule-dunƙule ko an shafe sumul, an taɓa wurin.

Hancin motoci ya yi tsawo da kumburi ne saboda masu tafiya a ƙasa. Tun 2005 dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa sabbin samfura gwajin bugun kan mutum a bonet, don haka ake barin sarari tsakaninsa da inji, domin ya lotsa kafin kai ya tarar da ƙarfe mai tauri. Kada a cike ramukan firam ɗin cikin bonet, kada a danne shi ƙasa don ya yi daidai da fitilar da ba tasa ba.

Sai iska. Turjiyarta tana ninkuwa huɗu duk lokacin da gudu ya ninka biyu, shi ya sa gilashin gaba ya kwanta, rufi ya gangara, bayan but kuma aka datse shi da kaifi, dabarar da Bajamushe Wunibald Kamm ya yi aiki a kanta tun shekarun 1930. Kaifin nan ne ke sa iska ta rabu da mota tsaf, kada mai gyara ya mulmule shi. Robobin ƙarƙashin inji da na gefen lagireto, waɗanda ake yawan cirewa a yar, su ke tilasta wa iska ta bi ta cikin lagireto maimakon ta kewaye shi. A zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri rashinsu na iya sa allurar zafi ta hau.

Kafin mota ta bar gareji, ka auna tazarar da ke tsakanin ƙofa da fenda, da bonet da fenda. Yawanci milimita 3 zuwa 5 ce, kuma dole ta zo ɗaya daga sama har ƙasa, hagu da dama. In ta buɗe sama ta tsuke ƙasa, sau da yawa ba ƙofar ce ke da laifi ba, abin da take rataye a jikinsa ne ya goce. Ka zura waya a ramukan da ke gindin ƙofa ka tabbatar fila ko fenti bai toshe su ba, don ta nan ruwan da ya bi gilashi ke fita. In motar tana da na'urar hangen gaba a bayan tambari ko a kusurwar bamba, kada fila ta hau wurin, kada a maimaita fenti sau biyu, kuma a kai ta a saita na'urar da kwamfuta bayan an mayar da bambar.