Yadda za a haɗa rajistar haihuwa, NIN da rigakafi a zaure ɗaya

Kwamitin ci gaban mazaɓa ba shi da ikon yi wa kowa rajista. Nasa shi ne samar da wuri da tara jama'a, ma'aikata kuwa daga hukumominsu za su zo. Saboda haka a fara da rubuta takarda ta hannun dagaci ko hakimi zuwa wurare uku: ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa mai ba da takardar haihuwa, ofishin NIMC mai ba da lambar shaidar ɗan ƙasa (NIN), da sashen lafiya matakin farko na ƙaramar hukuma. A ɗora ranar a kan ranar rigakafi ta asibitin mazaɓa, domin dama iyaye mata sun saba fitowa. Katin zaɓe kuwa sai lokacin da INEC ta buɗe rajista, kada mai shela ya yi alkawarinsa.

Jerin tebura ne ya fi komai muhimmanci. Teburin takardar haihuwa a bakin ƙofa, na NIN ya biyo baya. Dalili shi ne suna. Idan an rubuta Muhammad a nan, Mohammed a can, ko aka sauya shekarar haihuwa, matsalar ba za ta fito ba sai ranar da yaro zai yi rajistar JAMB ko buɗe asusun banki, kuma gyara kuɗi ake biya, alhali rajistar NIN ta farko kyauta ce. A ajiye malami ɗaya ya rubuta wa kowa cikakken sunansa da manyan baƙaƙe a ƙaramar takarda, ya karanta masa da baki, ita ce za a bi a kowane tebur. Yaron da bai kai shekara 16 ba ba a yi masa NIN sai da lambar NIN ta uwa, uba ko mariƙinsa, don haka babba ya fara.

Na'urar ɗaukar yatsa tana gardama da busasshen hannu, musamman da hunturu, haka ma hannun manomi da ya sha fartanya. A tanadi ruwa da tsumma, a jiƙa yatsa kaɗan, a goge gilashin bayan kowane mutum. A gwada intanet a cikin ɗakin tun jajibiri, da layin kamfani biyu, a kuma tanadi sola ko janareta. Kwamfuta da firinta ba sa jiran wutar gari.

Masu rigakafi a ba su inuwa. Allurai suna son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma kwalbar BCG (rigakafin tarin fuka) ko ta ƙyanda da aka haɗa da ruwanta, bayan awa 6 zubar da ita ake yi. Shi ya sa ya kamata a kira masu goyo da sassafe, a tara su wuri guda.

Mata su sami layinsu daban, da ma'aikaciya mace wajen ɗaukar hoto. A rarraba lambar layi, a kuma manna takarda a ƙofa da ke faɗin abin da yake kyauta, domin 'yan na-kama suna karɓar kuɗin fom ne inda mutane ba su sani ba.