Yadda ake auna amfanin cibiyar binciken noma ga tattalin arziki

A ɗauki Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, da irin wakenta SAMPEA 20-T da aka saki a 2019, mai jure tsutsar da ke huda wake, wanda hakan ke rage feshi. Da farko a gano hekta nawa aka shuka da shi. Kada a tsaya ga faɗar manomi kawai, domin iri yakan gauraya a kasuwa. A ɗebi samfuri a tantance a ɗakin gwaji.

Sai a kwatanta yabanyarsa da ta tsohon iri. A keɓe ɗan fili a gona, a girbe, a auna da kilo, saboda buhu bai da tsayayyen nauyi. Nan ake yawan zamewa: waɗanda suka fara karɓar sabon iri galibi su ne masu jari da kayan feshi, don haka a kwatanta su da makamantansu masu shuka tsohon iri, in ba haka ba a jingina wa iri abin da kuɗi ya yi.

A ninka rarar yabanya da farashin kaka, a ƙara kuɗin feshin da aka rage, a cire tsadar iri. Daga nan a auna ribar da abin da aka kashe tun farkon binciken, bayan cire hauhawar farashi da rabon abokan hulɗa da malaman gona.