Darasi na Bakwai: Sa wa Kwamfuta Suna Wanda Ba Ya Canzawa Idan An Kunna Ta

Duk inda kwamfutoci biyu ko uku suke shan intanet daga rauta ɗaya, wato na'urar da ke raba musu intanet, ko a shagon buga takardu a Ringim, ko a ɗakin kwamfuta na makarantar sakandare a Gezawa, ko a ofishin asibitin sha-ka-tafi, kowace na'ura da abu biyu ake gane ta: adireshi da suna. Adireshin lambobi ne, irin su 192.168.1.23. Sunan kuwa kalma ce da mutum zai iya riƙewa a ka, irin su ringim-01. A kan suna wannan darasi yake, amma ba za a gane shi ba sai an san yadda adireshi ke zuwa.

Wa ke raba adireshi?

A yawancin wurare babu mai zama ya rubuta wa kowace kwamfuta adireshi da hannu. Rauta ce ke rabawa da kanta, ta wani tsari da ake kira DHCP, wanda ƙa'idarsa da ake bi yanzu ta fito a 1997. Da zarar an kunna kwamfuta, saƙonni huɗu ne ke wucewa cikin ƴan daƙiƙoƙi. Kwamfuta ta yi cigiyar mai raba adireshi, rauta ta yi mata tayin guda, kwamfuta ta ce ta karɓa, rauta ta tabbatar mata. Adireshin nan aro ne. A rautoci da yawa wa'adinsa awa 24 ne, kuma idan rabin wa'adin ya wuce kwamfuta takan nemi a sabunta mata. Wadda ta kwana biyu a kashe tana iya dawowa ta tarar an ba wayar wani lambarta.

Abin ya yi kama da rabon wurin kasa kaya ranar kasuwa: sarkin kasuwa yana iya ajiye mutum a gabas wannan mako, mako mai zuwa a yamma, amma mai neman mutumin da sunansa zai tambaya. Shi ya sa muke nacewa a kan suna. Mai shago da ke son aika takarda zuwa kwamfutar da firinta ke jikinta bai kamata kullum ya tsaya binciken lambarta ta yau ba.

A cikin saƙonnin nan akwai gurbi na musamman, mai lamba 12, wanda ake sa suna a ciki. Hanya biyu ake amfani da shi. Ko dai kwamfuta ta faɗa wa rauta sunanta, rauta ta rubuta a jerinta, ko kuma rauta ta ba kwamfuta suna. Windows ba ta karɓar suna daga rauta, nata take faɗa. Linux kuwa tana iya karɓa idan ba a rubuta mata nata ba, kuma daga nan ne yawancin rikicin ke tasowa. Shawararmu ita ce a rubuta sunan a cikin kwamfutar, rauta ta zama mai ajiye rajista kawai.

Irin sunan da ya dace

A yi amfani da haruffan a zuwa z, da lambobi 0 zuwa 9, da karan ɗori kawai. Ba a barin fili tsakanin kalmomi, ba a sa ɗigo, kuma karan ɗori ba ya zuwa a farko ko a ƙarshe. Haruffanmu masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, kada a sa su ko da kwamfuta ta bari, domin rauta da firinta ba lallai su iya karanta su ba. Mai son rubuta ɗaki sai ya rubuta daki. Ƙa'ida ta yarda suna ya kai haruffa 63, sai dai tsohon tsarin raba fayil na Windows 15 kawai yake gani, ya yanke sauran. Ku duba haɗarin: makarantar-kwamfuta-1 da makarantar-kwamfuta-2 duk za su koma abu ɗaya bayan yankewa. Gara aji-01 da aji-02. Kada kuma suna ya zama lambobi zalla, Windows ba za ta karɓa ba.

Kada a sa sunan ma'aikaci. Ma'aikaci yakan bar aiki, kwamfuta tana nan. A sa sunan wuri ko na aiki, kamar kanta-01 ko ofis-02, a rubuta shi da alƙalamin maka a kan farin salatif a manna a jikin na'urar.

A kan Windows 10 da 11

Sabuwar Windows takan raɗa wa kanta suna mai farawa da DESKTOP, sai karan ɗori da haruffa bakwai barkatai. Domin ganin sunan da ke kai yanzu, a danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta cmd, a danna Enter, sannan a baƙin allon da ya fito a rubuta hostname. Domin canzawa, a shiga Settings, a zaɓi System, a gangara zuwa About, a danna Rename this PC. A rubuta sabon suna, a danna Next, sannan Restart now. Sunan ba ya kamawa sai an sake kunna kwamfutar, kuma dole mai yin aikin ya shiga da asusun mai iko da na'urar.

A kan Linux

Wasu kwamfutocin gwanjo da na makarantu da Ubuntu, wani nau'in Linux, suke aiki. A nan sunan yana cikin wani ƙaramin fayil, /etc/hostname, wanda layi ɗaya ne tak, kuma shi na'ura ke karantawa duk lokacin da ta tashi. A buɗe Terminal, wato allon rubuta umarni, a rubuta:

sudo hostnamectl set-hostname aji-01

Za ta nemi kalmar sirri. Idan ana rubutawa ba a ga komai a allo ba, haka take, a ci gaba a danna Enter. Bayan haka akwai fayil na biyu da mutane ke mantawa da shi. A rubuta sudo nano /etc/hosts, a nemi layin da ya fara da 127.0.1.1, a goge tsohon sunan da ke gabansa a sa sabon. A danna Ctrl da O, sai Enter domin ajiyewa, sannan Ctrl da X domin fita. Idan ba a gyara wannan layi ba, duk lokacin da aka rubuta sudo na'ura tana iya ɗan tsayawa ta yi ƙorafin cewa ba ta gane sunan ba, domin tana neman kanta a rajistarta ba ta samu ba.

Idan aka rubuta hostname kawai ba tare da hostnamectl ba aka sa sabon suna, zai canza nan take, amma da an kashe ya tafi, tunda bai taɓa fayil ɗin ba. Wannan shi ne dalilin farko da ke sa mutum ya ce ya sa suna jiya, yau ya ɓace. Na biyu shi ne fayil ɗin ya zama fanko, ko kuma localhost ne a ciki, wato sunan gama-gari da kowace kwamfuta ke kiran kanta da shi. A irin wannan hali na'ura takan ɗauka ba ta da suna, sai ta karɓi duk wanda rauta ta miƙo mata. Mai son rufe wannan ƙofa gaba ɗaya ya buɗe /etc/NetworkManager/NetworkManager.conf, ya ƙara layin hostname-mode=none a ƙarƙashin sashen da aka rubuta [main].

Abin da wuta da masu gyara ke jawowa

Idan an kawo wuta, ko an tayar da janareta, komai yakan tashi lokaci guda. Kwamfuta tana iya riga rauta shiryawa, domin rauta takan ɗauki minti ɗaya ko biyu. Kwamfutar da ta yi cigiya ba a amsa ba takan ba kanta adireshi mai farawa da 169.254, alamar ba ta samu rabo ba. Wadda ta dogara da rauta wajen suna kuwa tana iya tashi a matsayin localhost. A fara kunna rauta, a jira fitilunta su tsaya, sannan a kunna kwamfutoci. In akwai sola ko inbata, rauta ce ta fi cancanta a jona mata, wutar da take ci kaɗan ce. A Windows, rubuta ipconfig /release sannan ipconfig /renew a baƙin allon cmd yana sa ta sake neman adireshi ba sai an kashe ta ba.

Masu gyara kuma sukan shirya kwamfuta ɗaya su kwafe faifanta zuwa sauran domin sauri. Duka sai su tashi da suna ɗaya. Intanet zai yi aiki, shi ya sa ba a lura da wuri, amma wajen raba fayil ko firinta sai aiki ya tafi wata na'ura dabam, ko ya ƙi tafiya. Duk kwamfutar da ta dawo daga gyara a duba sunanta kafin a jona ta. Haka nan idan aka canza sunan wadda firinta ke jikinta, sai an sake haɗa firintar a sauran kwamfutocin, domin da tsohon suna suke nemanta.

Aikin gwaji

Ku zauna bibbiyu. Ɗaya ya sa wa kwamfuta suna ya sake kunna ta. Ɗayan ya buɗe burauza ya rubuta adireshin rauta, wanda galibi 192.168.0.1 ne, ko 192.168.1.1, ko 192.168.8.1 a ƙananan na'urorin MiFi na Huawei. Yana rubuce a takardar da ke manne a ƙasanta. Ya nemi jerin na'urorin da ke haɗe ya ga ko sabon sunan ya fito. Idan tsohon ne har yanzu, rauta ce ke riƙe da shi har wa'adin aro ya cika. A kashe ta a kunna, a sake dubawa. Ku rubuta suna da adireshin a littafinku, ku kawo aji mako mai zuwa mu ga wanne ya canza.