Yadda za a jawo mata cikin aikin buɗaɗɗun manhajoji a Yamai, su kuma zauna

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka bar rubutun da aka gina ta da shi a fili, kowa yana da izinin ya karanta, ya gyara, ya kuma rarraba wa wasu bisa sharuɗɗan lasisinta. Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991, da Firefox, da LibreOffice, da VLC da ake kallon bidiyo da ita a kwamfutoci masu yawa a nan Yamai, duk irinta ne, kuma aikin gayya ne ya tashe su: kowa ya zo da abin da ya iya, amfanin kuwa na kowa ne. Sai dai gayyar nan maza ne suka cika ta. A binciken da GitHub, shafin da ake ajiye irin waɗannan manhajoji ana aiki a kansu tare, ya yi a 2017, kashi 95 cikin ɗari na waɗanda suka amsa maza ne, mata kashi 3 kacal. Wani nazari da aka buga a 2017 ɗin a mujallar PeerJ Computer Science, wanda ya duba gyare-gyare kimanin miliyan 3 da aka aika a GitHub, ya gano cewa gyaran mata ya fi na maza samun karɓuwa, amma idan baƙuwa ce a aikin kuma ana iya gane cewa mace ce daga sunanta ko hotonta, karɓuwar sai ta ragu. Saboda haka wanda yake son ya ga mata a wannan fage, tsarin da suke tararwa idan sun zo shi ne abin da zai fara gyarawa.

Wannan bayani na malamai ne, da shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai na Jami'ar Abdu Mumuni, da masu shirya horo a unguwanni, da su kansu matan da suke tunanin shiga. Abin da aka fi sabawa da shi shi ne a jira 8 ga Maris, ranar mata ta duniya, ko 13 ga Mayu, ranar matan Nijar, a tara ƴan mata a zaure, a yi jawabai, a ɗauki hoto, kowa ya watse sai baɗi. A ganina wannan ba ya haifar da mai gyara manhaja ko guda. Matan da suka yi zanga-zanga a Yamai ranar 13 ga Mayu 1991 kujeru suka fito nema a kwamitin shirya babban taron ƙasa, wato wurin da ake yanke shawara, kuma irin wannan ne ya kamata mai shirya horo ya sa a gaba: aiki na gaske da sunan mace a kansa, sa'an nan murya a cikin tafiyar da aikin.

A fara da lokaci da wuri, domin a nan ne yawancin shirye-shirye suke mutuwa ba tare da an lura ba. Hirar fasaha a garin nan ta fi yawa a fada, da dare, ana zagaya shayi, kuma a nan ne ake jin labarin sabon aiki da wanda ke neman mataimaki. Budurwa ko matar aure ba za ta zauna a fada ba, kuma ba za ta fito daga Harobanda ko Talaje bayan magariba domin taron koyon kwamfuta ba. A sa zaman ranar Asabar daga ƙarfe 9 na safe, a tashi kafin azahar, a wurin da iyaye suka sani kuma suke iya zuwa su gani da idonsu: ajin jami'a, ko zauren wata makaranta, ko cibiya irin CIPMEN mai renon ƙananan kamfanoni. A ware kuɗin taksi tun a cikin lissafin farko, a bai wa kowace a hannu ba tare da ta roƙa ba, a kuma shimfiɗa tabarma a gefe saboda mai goyo. Duk shawarar da aka yanke a wani zama na daban, a rubuta ta inda kowa zai karanta.

Yardar gida ma aikin mai shiryawa ce, kada a bar wa yarinya ita kaɗai. A rubuta gajeriyar takarda da Hausa da Faransanci, ko da Zabarmanci inda ya dace, mai ɗauke da sunan wurin, da ranaku, da lokacin tashi, da lambar wata malama daga cikin masu shiryawa. Inda aka ga alamar shakka, malamar ta je gidan da kanta, ta gaisa, ta ce: "Baba Alhaji, ƴarku muke roƙo ku ba mu aro kowace Asabar, kafin azahar tana gida, kuma duk ranar da kuka ga dama ku zo ku ga abin da muke yi." Zuwa ɗaya irin wannan ya fi takarda goma, kuma uban da aka girmama haka sau da yawa shi ne yake fara tambaya ko akwai wuri domin ƙanwarta.

Daga nan sai gudummawar farko. Ta kasance ƙarama, ta gaske, wadda za a gama a zama ɗaya, kuma wadda wayar hannu ta isa a yi ta, tunda ba kowace ke da kwamfuta ba. Common Voice, wanda Mozilla, masu Firefox, ta buɗe a 2017, yana tattara muryoyi domin a koya wa na'ura gane magana, kuma akwai Hausa a ciki: mutum ya karanta jimla a ɗauki muryarsa, ko ya saurari ta wani ya tabbatar an karanta daidai. Na'urar da ba ta taɓa jin muryar mace ƴar Adar ko ƴar Arewa ba, ba za ta gane ta ba ran da aka sa ta a wayar asibiti ko ta banki, don haka wannan aiki ne mai nauyi ko da yake ba ya cin minti 20. Fassara ma haka take. Ana fassara Firefox a shafin Pontoon, manhajar da Wikipedia ke tafiya a kanta a translatewiki, LibreOffice da wasu da dama a Weblate.

Taswirar OpenStreetMap, wadda aka fara a 2004, ita ce wurin da na fi son a kai sababbi. Wanda ya ga ambaliyar 2020, lokacin da kogi ya shiga unguwannin hayin dama irin Lamorde da Kirkisoye, ya san amfanin taswirar da ta nuna kowane lungu da kowace magudanar ruwa. Da manhajar waya irin StreetComplete ko Every Door, mata biyu za su iya zagaya unguwarsu da safe su sa famfo, da kantin magani, da injin niƙa, da ɗakin haihuwa da lokutan da yake buɗe. Waɗannan wurare ne da mata suka fi kowa sani, kuma su ne masu zana taswira daga hoton tauraron ɗan Adam ba sa iya gani. Kashegari idan ta buɗe taswira ta ga abin da ta sa ya fito, ba sai an sake yi mata jawabi a kan muhimmancin aikin ba.

Akwai tarko a nan da ya kamata a kauce masa. Ƙungiyoyi da yawa suna barin mata a fassara da rubuta rahoton taro shekara da shekaru, maza kuma suna riƙe da rubutun manhajar. Fassara aiki ne mai daraja, amma wadda ta nuna sha'awar rubuta manhaja a wuce da ita cikin wata guda ko biyu. Matakin da ya fi sauƙi shi ne kai rahoton matsala. A ce ta buɗe wata manhaja ta rubuta "ƙofa" ko "ƴaƴa", sai harafin ƙ ko ƴ ya fito kamar ɗan akwati. Ta je shafin aikin ta duba ko wani ya riga ya kai ƙorafin. In babu, ta rubuta sunan manhajar da lambar fitowarta, da irin wayarta, da abin da ta danna ɗaya bayan ɗaya, da abin da ta sa ran gani, da abin da ya fito, ta haɗa da hoton allon. Layi biyar sun isa. Yawancin ayyukan da Ingilishi ake magana a cikinsu, mu kuwa da Faransanci muka yi karatu, amma masu kula da manhaja sun saba da gajerun jimloli na baƙi, kuma ba laifi ba ne a nemi taimakon na'urar fassara.

Sai koyon Git, wanda shi ma Torvalds ne ya rubuta shi a 2005 domin adana tarihin kowane gyara. Abin da ya sa ya dace da mu shi ne yana aiki ba tare da intanet ba: ana sauko da aikin sau ɗaya inda akwai haɗi mai kyau, a yi gyara a gida a adana, ko an ɗauke wuta ko forfe ya ƙare, sai ranar da aka sami haɗi a tura. A zauna biyu-biyu a kwamfuta ɗaya, da doka guda da ba a karya ta: mai koyo ce ke riƙe da allon rubutu, mai koyarwa kuwa da baki kawai zai taimaka. Da zarar ya ce "kawo in nuna miki" ya janye kwamfutar, zaman ya tashi a banza. Darasin Django Girls, ƙungiyar da aka kafa a Balin a 2014, yana nan kyauta da Faransanci, kuma yana kai mai farawa daga shigar da Python, wani harshen rubuta manhaja, har ta ɗora shafinta a intanet. Kowace ta buɗe asusunta na GitHub ko GitLab, kuma kada a yarda a tura aikinta ta asusun yayanta ko na shugaban ƙungiya, domin wannan tarihin shi ne shaidar da za ta nuna gobe wajen neman aiki.

Kafin a tura sabuwa ga wani aiki, mai koyarwa ya fara leƙa shi. Ya karanta takardun README da CONTRIBUTING, masu bayanin aikin da yadda ake ba da gudummawa, ya duba ko an karɓi gyaran wani baƙo a cikin watan nan, ya karanta yadda ake amsa wa masu tambaya, ya ga ko akwai rubutacciyar dokar ɗa'a. Ayyuka da yawa suna manna alamar "good first issue" a kan ƙananan matsalolin da suka ware wa masu farawa. Inda aka ga ana yi wa baƙi gatse, a wuce, ayyuka ba su ƙare ba.

Batun kariya a yi shi tun ranar farko. Git yana rubuta adireshin imel a jikin kowane gyara, kuma kowa na iya gani, amma GitHub yana da wurin da ake ɓoye shi a ba da wani na aro. Ba dole ba ne ta sa hotonta ko cikakken sunanta, lambar waya kuwa ba ta da abin yi a can. Hatsarin da ya fi kusa yana cikin zauren WhatsApp na ƙungiyar kanta, inda ake kwashe lambobin ƴan mata ana bin su da saƙon dare, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa miji ko uba ya hana zuwa. A rubuta doka cewa ba a tura wa kowa saƙo a keɓe sai da izininsa, a naɗa mutum biyu masu karɓar ƙorafi, ɗaya aƙalla mace, a kuma fitar da wanda ya maimaita ko da shi ne ya fi kowa iya aiki. Dokar da ba a taɓa hukunta kowa da ita ba, matan sun riga sun san darajarta.

A ayyukan da ƙungiya ke riƙe da su da kanta, gyaran farko na sabuwa kada ya wuce kwana biyu ko uku ba a amsa ba, domin shiru ta kan ɗauke shi a matsayin an ƙi. A amsa a fili, a kan aikin, da abin da za ta yi na gaba: "Sannu da ƙoƙari, ƙanwata, gyaran ya yi aiki a wajena. A layi na 14 sunan bai dace da na sama ba, ki daidaita shi ki sake turowa in shigar." Kada mai dubawa ya gyara da kansa a ɓoye don ya huta, kuma kada ya sassauta ma'auni don ita mace ce, wannan ma raini ne.

Wadda ta yi wata shida tana zuwa a ba ta ikon duba gyaran wasu da shigar da shi, a ba ta darasi ta koyar, maza na zaune suna saurare. Rabon abinci da tarbar baƙi a ranar taro a yi shi da karɓa-karɓa tsakanin kowa. Yana da kyau kuma su san cewa akwai waɗanda suka riga su. Christine Peterson ce ta ba da shawarar sunan "open source" da duniya ke kiran wannan tafiya da shi a 1998. Ada Nduka Oyom ta Najeriya ta kafa She Code Africa, kuma tana cikin waɗanda suka kafa Open Source Community Africa. Marlene Mhangami ta Zimbabuwe ta shugabanci taron PyCon Africa na farko, na masu aiki da Python, a Akara a 2019. A gida kuma, Latifa Salisu Hasan ta ci gasar Miss Geek Africa a Kigali a 2018 da manhajarta ta taimakon gaggawa mai suna Saro.

Aikin sa kai yana da iyaka ga wadda aikin gida ya riga ya cinye mata yini, saboda haka a nuna musu inda ake biya. Outreachy, wanda ya samo asali daga shirin mata na wani aikin buɗaɗɗiyar manhaja mai suna GNOME kuma ya ɗauki wannan suna a 2015, yana ba da horon wata 3 daga gida, da mai koyarwa, da alawus da ya kai dalar Amurka 7,000 a shekarun baya-bayan nan. An saba yin sa daga Mayu zuwa Agusta da kuma daga Disamba zuwa Maris, kuma ba rubuta manhaja kaɗai ake ɗauka ba, har da zane da rubuta bayanai. Google Summer of Code, wanda aka fara a 2005, tun 2022 ya buɗe ƙofa ga duk mai shekara 18 ko fiye da yake sabo a fagen, ko ba ɗalibi ba ne. A Outreachy ana fara cika takardar neman shiga watanni kafin horon, wadda ta tsallake sai ta shafe kusan wata guda tana aika gyara ga aikin da ta zaɓa, kuma da wannan ne ake tantancewa. Don haka mai son zagayen Mayu ta riga ta saba da Git tun kafin Janairu, ta tanadi katin shaida da asusun banki da sunanta, ƙungiya kuma ta ware mata kwamfuta da kuɗin intanet na wannan watan gaba ɗaya.