Yadda ake gwada katin girafik mai ƙwaƙwalwa biyu da mai ɗaya kafin a biya kuɗi

Mai neman katin girafik na hannu, wato katin da ke zana hotuna a kwamfuta, a Banex Plaza da ke Wuse 2 a Abuja kan ci karo da wasu dogayen katuna masu nauyi, waɗanda aka ɗora wa ƙwaƙwalwa biyu (GPU, ɓangaren da ke aikin zana hoton) a jikin kati ɗaya. Irin su GeForce GTX 690 na Nvidia da ya fito a 2012 kan dala 999, da Radeon HD 7990 na AMD na 2013, da R9 295X2 na 2014. A zamaninsu manya ne, yau kuma sun yi araha, shi ya sa suke jan ido. Ga yadda za ka auna su da babban kati mai ƙwaƙwalwa ɗaya.

Da farko, raba memorin da aka rubuta a kwali gida biyu. GTX 690 an ce gigabait 4 ne, amma kowace ƙwaƙwalwa 2 take da shi, kuma a wasan kwamfuta dukkansu abu ɗaya suke ɗauka, don haka 2 ɗin ne naka. GTX Titan na 2013, da aka sayar a farashi ɗaya, yana da 6 cif nasa shi kaɗai. Buɗe manhajar GPU-Z a shagon, za ta nuna maka kowace ƙwaƙwalwa da rabonta.

Sai gwaji, kuma nan ne ake yawan ruɗar mutane. Mai kaya zai so ya kunna maka 3DMark, domin manhajar gwaji ce da ta san yadda ake raba aiki tsakanin ƙwaƙwalwa biyu, maki sai ya yi sama. Ka gode masa, sannan ka ce a kunna wasan ko manhajar da kai kake amfani da ita. A sa katunan biyu a kwamfuta ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, da saiti iri ɗaya. Kunna manhajar MSI Afterburner ta riƙa nuna aikin kowace ƙwaƙwalwa a kusurwar allo. Idan ta farko tana 99 cikin 100, ta biyun kuma tana kwance a sifili, to rabin kati kake shirin saya da kuɗin cikakke. Haka yake faruwa a yawancin sabbin wasanni, saboda masu ƙera su sun daina wahalar da kansu da SLI da CrossFire, wato tsarin Nvidia da na AMD na haɗa ƙwaƙwalwa biyu su yi aiki tare.

Ko da dukkansu suna aiki, kada adadin hotuna a daƙiƙa ya ishe ka. Ƙwaƙwalan karɓa-karɓa suke yi: wannan ta zana hoto, waccan ta zana na gaba. Idan tazarar ba ta daidaita ba, allo zai nuna 80 amma idonka ya ga hoton yana ɗingishi. Juya linzami a hankali daga hagu zuwa dama, ka dubi gefen gini ko sandar fitila a cikin wasan. In yana tafiya yana cijewa, kati mai ƙwaƙwalwa ɗaya da ke ba da 60 sumul ya fi shi.

Daga nan lissafin wuta. R9 295X2 yana jan wat 500 shi kaɗai, har da ruwa ake sanyaya shi. GTX 980 Ti na 2015 wat 250 ne. Wanda ke biyan kamfanin wuta na AEDC kuɗin Band A, ko yake lallaɓa inbata da daddare, ya san bambancin. Ƙila ma sai ka sauya akwatin wutar kwamfutar gaba ɗaya, wannan ma kuɗi ne da ya kamata ka haɗa a farashi. Bar katin yana aiki kamar rabin sa'a ka ga zafinsa. Abin da ya jure sanyin Jos ba lallai ya jure watan Maris na Abuja ba.

Abu na ƙarshe, duba direba, wato manhajar da ke sa katin ya yi aiki da Windows. Nvidia ta daina fitar da sabbin saitin SLI daga farkon 2021, kuma a shekarar ce kamfanonin biyu suka daina sabunta direban wasanni na waɗannan tsofaffin katuna. Shiga shafin kamfanin a wayarka, rubuta sunan katin, ka ga ranar direba na ƙarshe da Windows ɗin da yake karɓa. Idan bai dace da naka ba, ka ce da mai shago: "Alhaji, a ɗauko min mai ɗayan mu yi ciniki."