Ido ya san kalmar, kunne bai san ta ba: kurakuran masu shirin jarrabawar sauraron Turanci

Na taɓa zama da wata ɗaliba mai shirin IELTS, jarrabawar gwada iya Turanci. Karatunta ba laifi, in ka miƙa mata takarda mai shafi uku da Turanci za ta karanta ta faɗa maka abin da ke ciki. Amma wata uku tana atisayen sauraro, makinta ya tsaya cik a 23 cikin 40. Ta ce mini, "Malam, Turawan nan gudu suke yi da magana." Na ce ta kawo rubutun abin da ta saurara mu bi tambayoyin da ta faɗi ɗaya bayan ɗaya. Cikin goma sha bakwai, biyu kacal ne ke da kalmar da ba ta sani ba. Sauran duk ta san su, tana ganin su a takarda take cewa, "Au, wannan ce?" Da ba mu duba ba, da ta ci gaba da haddar kalmomi, alhali ba nan gizo ke saƙar ba.

Kuskurenta shi ne na yawancin mutane: sun ɗauki gwada kai a matsayin koyo. Mutum ya kunna jarrabawar gwaji, ya amsa, ya duba amsoshi, ya rubuta makinsa, gobe ya kunna wata. Hawa sikeli kullum ba ya rage ƙiba. Aikin gaske yana farawa ne bayan ka gama duba amsa. Ka koma kan kowace tambaya da ka faɗi, ka sake jin wurin sau biyu ko uku ba tare da kallon rubutu ba. In har yanzu bai fito maka ba, sannan ka buɗe rubutun, ka tambayi kanka me ya hana ka ji. Kalmar ce ba ka sani ba? Ko ka san ta amma ba ka gane ta a baki ba? Ko ka ji sarai amma ka cafki amsar da aka ɗana maka tarko da ita? Ko ka ji daidai, hannu ya rubuta ba daidai ba? Ko kuwa hankalinka ne ya yi nasa wuri? Kowanne maganinsa daban. Jarrabawar minti talatin takan ci awa guda ko fiye a wannan bita, kuma gwaji ɗaya da aka tsefe haka ya fi biyar da aka yi wa wankan tsuntsu.

Inda na fi so a daɗe shi ne na biyun nan, wato kalmar da ido ya sani kunne bai sani ba. Mu masu Hausa muna ba kowace gaɓa haƙƙinta, kowane wasali yana fita. Shi ya sa in mun ari kalma muke cusa mata wasali tsakanin baƙaƙe: primary ta zama firamare, club ta zama kulob, brake ta zama burki. Turanci kuwa akasin haka yake yi. Yana danna gaɓa ɗaya da ƙarfi, ya murƙushe na kusa da ita. Ƙananan kalmomi irin su of, to, for, and da can kusan narkewa suke yi a cikin jimla. Wanda ya ce "a lot of them" abin da zai iso kunnenka ya fi kama da "alotavam". "Would you" ta koma "wuja". A "next day" ba za ka ji t ba sam. "Comfortable" da kake karantawa gaɓa huɗu, a bakin mafi yawansu uku ce. To kunnen da ke jiran kalma kamar yadda take a rubuce zai yi ta jira har magana ta wuce, sai mai shi ya ce sauri ake yi.

Maganin wannan tsohon abu ne da aka raina: shifta. Ɗauki daƙiƙa ashirin zuwa talatin na magana mai rubutu a gefe, ka saurara ka rubuta duk abin da ka ji, har ƙananan kalmomin. Ka maimaita yadda kake so. Sannan ka gwada da rubutun, ka ja layi a wuraren da suka kuɓuce maka. Bayan mako biyu za ka ga kusan wurare iri ɗaya ne ke maimaita kansu. Daga nan sai ka bi bakin mai maganar: yana faɗa kana faɗa a bayansa, da saurinsa, da inda ya danna, da inda ya haɗiye. Abin da bakinka ya iya furtawa da wuya kunnenka ya kasa gane shi. Minti goma sha biyar a kullum ya isa. Shirin 6 Minute English na BBC yana zuwa da rubutunsa, laccocin TED ma haka, kuma littattafan tsofaffin tambayoyi na Cambridge suna da rubutun sautin a ƙarshensu. Masu shirin PTE Academic, wata jarrabawar Turancin, su ba su da zaɓi ma, domin shifta tana cikin tambayoyin jarrabawar kanta.

Akwai wasu ƙananan ramuka da masu Hausa suka fi faɗawa. Ba mu rarrabe p da f a harshenmu, don haka copy da coffee, ko pull da full, sukan zo mana kamar tagwaye. Haka b da v. Sai s ɗin jam'i a ƙarshen kalma, wadda ke zuwa a manne da wani baƙi: an ce "students", ka rubuta "student", maki ya tafi. Wanda ya fi ba ni takaici shi ne sunayen haruffa. A sashen farko na IELTS ana yawan faɗin suna ko adireshi harafi bayan harafi. Bature zai ce "i", yana nufin E, kai kuma hannunka ya saba rubuta I in ya ji wannan sauti. Ya ce "ai", yana nufin I. Ya ce "ei", yana nufin A. Ga G da J da ke rikita kowa. Mutum ya karanci ilmi mai zurfi, amma ya rasa maki a kan abin da yaron firamare a Ingila ba ya kuskurewa. Ka sami wanda zai riƙa karanto maka sunaye harafi-harafi kana rubutawa, kwana uku ka warke. Ka haɗa da lambobi: thirteen da thirty, inda bambancin ya fi fitowa a gaɓar da aka danna, da "double four" mai nufin 44, da "oh" da ake faɗa a madadin sifiri a lambar waya.

Sai tarko. Masu tsara tambayoyin nan sun san mai sauraro yana ɗokin cafke amsa, don haka sukan ba shi ta bogi tukuna. Ga misalin irin abin da za ka ji: mace ta ce taron ranar Talata ne, namijin ya amsa, sai ta ce a'a, yi haƙuri, an kama zauren ranar, a mayar da shi Alhamis. Wanda ya rubuta Talata ya sunkuya kan tambaya ta gaba bai ma san an canza ba. Ka rubuta ta farkon in kana so, amma kunnenka ya tsaya a wurin har maganar ta sauka. Da ka ji actually, sorry, but, ko "I mean", ka san ana shirin juya akala. Ƙanin wannan kuskure shi ne zaman jiran kalmar da ke cikin tambaya. Takarda ta ce "cheap", mai magana ya ce abin bai ci kuɗi da yawa ba, kai kana can kana jiran "cheap" har tambayoyi biyu sun wuce ka. Sau da yawa ma in ka ji ainihin kalmar da ke cikin zaɓi, ita ce tarkon. A ɗan lokacin da ake bayarwa don karanta tambayoyi, ka tambayi kanka irin amsar da ake nema, lamba ce ko suna ko wuri, da kuma ta wace hanya dabam za a iya faɗin abin.

Kallon fim da rubutu a ƙasa karatu ne, ko da ana jin sauti. Ido ya fi kunne sauri, shi zai yi aikin, kunne ya yi barcinsa. Ban ce a daina ba, amma kada a lissafa shi cikin awoyin atisaye. In za ka yi, ka kalli yanki ba rubutu, ka sake da rubutu, ka sake ba rubutu. Barin rediyo yana ta magana kana wani aiki shi ma ɗan amfaninsa kaɗan ne.

Haka nan zama a kan Turanci mai sanyi. Muryar Amurka ta fara shirye-shiryenta na Turanci a hankali tun 1959, kuma sun taimaki masu koyo da yawa, amma tsani ne, ba a kwana a kansa. Wanda ya saba da shi kaɗai, ranar jarrabawa zai ji kamar an sako masa ruwa daga famfo. Karin harshe ma haka. IELTS tana kawo muryoyin Birtaniya da Ostireliya da New Zealand da Arewacin Amurka. Mutumin kudancin Ingila ba ya furta r a ƙarshen "car", Ba'amurke yana furtawa, kuma t ɗinsa a "water" ta fi kusa da d. A bakin ɗan Ostireliya "day" takan karkata zuwa "dai", ɗan New Zealand kuma in ya ce "pen" sai ka rantse "pin" ya ce. Ba sai ka iya kwaikwayonsu ba, abin da ake so kawai kada ranar jarrabawa ta zama ranar farko da ka ji su.

Wani abin kuma, mutane suna atisaye ba su san jarrabawar da za su shiga ba. IELTS sashe huɗu ce, tambaya 40, kuma sau ɗaya tak ake kunna sautin. A jarrabawar C1 Advanced ta Cambridge ana kunna kowane yanki sau biyu, tambayoyin 30. Wanda ya saba da danna maɓallin tsayarwa da komawa baya duk sanda abu ya kuɓuce masa, ya koya wa kansa abin da babu shi a zauren IELTS. Tsayarwa ta lokacin bita ce. Aƙalla sau ɗaya a mako ka yi gwaji daga farko har ƙarshe ba tsayawa, don ka koyi abu mafi wuya, wato sakin tambayar da ta wuce. Tambayoyin suna bin tsarin maganar ne, don haka in ka tsaya jimamin ta 33, ta 34 da ta 35 sun bi ta. A sashe na huɗu, inda mutum ɗaya ke lacca da tambayoyi goma a jere, nan ne wannan ya fi yin ɓarna. Ka bar ta, ka dawo daga baya ka yi canke. Ba a cire maki don amsa ba daidai ba a IELTS, saboda haka barin gurbi fanko asara ce kawai. A ƙiyasin da masu jarrabawar suke bayarwa, kusan 23 cikin 40 na kai mutum mataki na 6 a ma'aunin sakamakon IELTS, 30 kuma mataki na 7. Bambancin tambaya bakwai ke nan, kuma da yawa daga cikinsu irin waɗannan ne.

TOEFL, ita ma jarrabawar Turanci, tata hanyar daban. Ba ka ganin tambayoyin lacca sai an gama magana, don haka rubuta 'yan bayanai ya zama dole, kuma nan ake yin kuskure na gaba: ƙoƙarin rubuta komai. Hannu yana bin jimla ta farko, farfesa ya kai ta huɗu. Abin da ake rubutawa shi ne ƙashin bayan laccar: batun, rassansa, misalin da aka kawo da dalilin kawo shi, da inda malamin ya nuna shakka ko ya sauya ra'ayi, domin ana tambayar me ya sa ya ambaci kaza da kuma yadda yake kallon abin. Kalma ɗaya ko biyu, kibiya, alamar tambaya. Kada kuma ka tsaya fassara wa kanka zuwa Hausa a zuci, lokacin ba zai isa ba. Ka lura da shekarar littafin da kake amfani da shi, domin ETS, hukumar da ke shirya TOEFL, takan sauya tsarin jarrabawar, kamar yadda ta gajarta ta a Yulin 2023. Shafin masu jarrabawar ne zai gaya maka tsarin da ake kai.

Akwai kuma makin da ake ji daidai a zubar da shi a takarda. In an ce kada amsa ta wuce kalma biyu ka rubuta uku, ta faɗi ko da ma'anarta daidai ce. Kuskuren harafi ɗaya ma ya kashe ta. Ana karɓar rubutun Birtaniya da na Amurka, colour ko color, amma babu mai karɓar accommodation da m ɗaya, ko Wednesday ba d ɗin tsakiya. Ka buɗe shafi a littafinka don kalmomin da kai kanka ka taɓa kuskurewa, ba jerin da wani ya tara ba. Sannan ka yi atisaye da irin kayan da za ka tarar. A IELTS ta takarda ana ba da minti goma a ƙarshe don kwafe amsoshi zuwa takardar amsa, a ta kwamfuta kuwa kana ji kana bugawa, minti biyu kawai za a ba ka ka duba. Wanda ya yi wata uku da fensir, yana dogaro da waɗannan minti goma don gyara rubutu, sannan ya yi rajistar ta kwamfuta, gara ya koma kan allon bugu da hedifon tun da sauran makonni.